Yawan Gumin Hammata: Abin da Ke Tsayar da Shi da Abin da Ke Rufe Wari Kawai

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Damazin, babban birnin jihar Nilul Azraƙ ta ƙasar Sudan, ba ya bukatar a yi masa bayanin gumi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana yakan kai digiri 40 har ya zarce. Idan damina ta sauka a wajen watan Yuni zafin yakan ɗan sassauta, amma sai iska ta yi nauyi da danshi, gumi ya ƙi bushewa a jiki. A cikin wannan yanayi ne 'yan'uwanmu Hausawa suke zaune tun fiye da shekara ɗari. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin, kudu da Sannar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, sai wasu dubbai suka biyo sahu, daga cikinsu har da maniyyata aikin Hajji da suka yada zango, zangon ya zama gida. Jikokinsu suna nan a ƙauyukan Jazira, da kewayen Sinja da Rusairis da Damazin, suna noma da su da kasuwanci.

A ƙasar da kowa yake gumi, wanda guminsa ya zama larura shi ne na ƙarshen da za a lura da shi. In ya yi ƙorafi a ce masa zafin gari ne. In rigarsa ta jiƙe a ce ƙazanta ce. Ga yarinya ɗaliba da ta daina ɗaga hannu a aji don kada a ga da'irar da ta fito a rigarta. Ga saurayi da yake jinkirta zuwa masallaci domin ya samu sahun baya. Ga amarya da take fargabar ranar da turaren biki zai ƙare. Waɗannan duka ba su rasa tsafta ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai bayyana musu cewa jiƙewa daban ce, wari daban ne, kuma kowanne da maganinsa. Wannan bayanin shi muka kawo wa iyalai a wannan fitowa, domin abin da ya shafi mutumin Damazin ya shafi na Maraɗi da na Kano.

Daga ina gumi yake fitowa?

A fatar ɗan Adam akwai 'yan ƙananan maɓuɓɓugan gumi tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4. Iri biyu ne. Na farko sun watsu a kusan dukkan jiki, suna fitar da ruwa mai ɗan gishiri wanda ba shi da wari, kuma aikinsu sanyaya jiki. Manomin da ke aiki a tsakar rana yana iya zubar da lita guda ta wannan ruwa ko fiye a cikin awa ɗaya, kuma wannan rahama ce, domin ba don shi ba da zafi ya kayar da shi. Iri na biyu suna hammata da matsematsi, ba sa farkawa sai lokacin balaga, kuma abin da suke fitarwa yana da ɗan kauri da maiƙo. Shi ma wannan ba shi da wari a lokacin da ya fito. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fata su ne suke cin sa, su bar abin da hanci yake ƙi.

Daga nan mai karatu zai gane cewa mutum yana iya jiƙewa sharkaf ba tare da wari ba, wani kuma yana iya yin wari alhali rigarsa a bushe take. Mai son kawar da wari, da bakteriya yake faɗa. Mai son tsayar da jiƙewa, da maɓuɓɓugar zai yi.

Yaushe gumi yake zama larura?

Likitoci suna kiran wannan larura haifahidrosis, da Larabci kuma farɗut ta'arruƙ. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya ƙiyasta cewa ta shafi kashi 4.8 cikin ɗari na mutanen ƙasar, wato kusan mutum ɗaya a cikin ashirin. Alamomin da likita yake dubawa sanannu ne. Gumi mai yawa a wuri ɗaya, kamar hammata ko tafin hannu ko tafin ƙafa, wanda ya kai wata 6 ba tare da wani dalili na zahiri ba, sa'annan a samu aƙalla biyu daga cikin waɗannan: yana fitowa a ɓangaren dama da hagu daidai wa daida, yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako, ya fara kafin shekara 25, akwai mai irinsa a dangi, yana hana mutum harkokinsa, yana tsayawa idan an yi barci. Mai irin wannan yana iya jiƙewa da sanyin asuba a watan Janairu, yana zaune bai ɗaga ko tsinke ba. Jijiyoyin da ke ba maɓuɓɓugan umarni ne suke zaƙewa. Ba cuta ce mai kisa ba, ba ta yaɗuwa, kuma ba sammu ba ce.

Akwai kuma wani gumin da ba a wasa da shi, kuma a nan muke roƙon iyaye su buɗe kunne. Idan gumi ya zo wa babba farat ɗaya alhali da can ba haka yake ba, ko ya game dukkan jiki, ko ya riƙa jiƙa shimfiɗa da dare, to saƙo ne daga wata cuta. Gumin dare tare da tari na fiye da mako biyu da rama, a gwada tarin fuka. Gumi bayan zazzaɓi da rawar ɗari, a gwada zazzaɓin cizon sauro. A yankin Gadarif da Sannar da Nilul Azraƙ akwai cutar kala'azar, mai zuwa da dogon zazzaɓi da kumburin saifa, kuma tana kisa idan ba a yi magani ba. Akwai zazzaɓin Malta da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba, wanda gumin dare yana cikin manyan alamominsa. Gumi da bugun zuciya da rawar hannu da rama duk da yawan ci, a duba ƙululun tayirod na maƙogwaro. Mai ciwon sukari da gumi ya karyo masa tare da jiri, sukarinsa ne ya faɗi, a ba shi abu mai zaƙi nan take. Matan da al'ada ke shirin ɗauke musu sukan ji zafi ya taso musu da gumi, haka ma masu shan wasu magunguna irin su taramadol da wasu magungunan damuwa. Duk waɗannan ba a shafa musu komai a hammata, asibiti ake zuwa.

Humra, dukhan da alif: me suke yi, me ba sa yi?

Babu wanda zai koya wa matan Sudan ƙamshi. Humra da ake haɗawa da sandal da mahlab da farcen turare, da dilka da ake murje fata da ita, da dukhan da ake shiga a kan hayaƙin itacen talha, duk sun yi suna har ƙasar Hausa, inda masu gyaran amare suke tinƙaho da su. Amfaninsu a fili yake: dilka tana cire dattin fata, humra tana rufe wari. Sai dai babu ɗaya a cikinsu da ke rage yawan ruwan da hammata take fitarwa. Shi dukhan ma gumin yake jawowa a lokacin da ake cikinsa. Kuma turare a kan fatar da ba a wanke ba, warin biyu yake haɗawa.

Alif, wanda ake kira shabb a kasuwannin Sudan, ya fi su kusa da magani. Gishiri ne mai ɗauke da alminiyam, yana ɗan tsuke fata, yana kuma hana bakteriya yaɗo. Ga mai gumi daidai misali wanda wari ne damuwarsa, a jiƙa dutsen alif mai santsi a goga bayan wanka, ya wadatar, ga shi da araha. Amma ga mai larurar da muka siffanta, ƙarfin alif bai kai ba.

Lemun tsami kuwa a yi hattara da shi. Yana ƙona fatar da aka aske, kuma idan rana ta taɓa inda ruwansa ya zuba yana iya barin baƙin tabo mai daɗewa. Kanwa da toka da bakin soda suna zazzage fata. Man bilicin da wasu ke shafawa don hammata ta yi haske, da yawansu suna ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata su buɗe wa ƙuraje ƙofa. Hoda tana tsotse danshi na ɗan lokaci, daga baya ta cure.

A karanta abin da ke jikin kwalba

Abin da ake sayarwa a kanti iri biyu ne, kuma yawancin masu cewa sun gwada komai bai yi ba, iri ɗaya suka yi ta saye. Na farko mai kawar da wari ne, wanda da Faransanci ake rubuta déodorant, da Larabci muzilul araƙ. Turare ne da abin kashe bakteriya. Na biyu mai tsayar da gumi ne, da Faransanci anti-transpirant, da Larabci mudaddut ta'arruƙ. Tun asali ma daban aka ƙirƙiro su: na farko ya shiga kasuwa a Amurka a 1888 da sunan Mum, na biyu a 1903 da sunan Everdry. Hanyar ganewa ita ce a juya kwalbar a nemi kalmar Aluminium a jerin abubuwan da aka haɗa. In babu ita, ba zai tsayar da gumi ba ko nawa aka saye shi.

Yadda yake aiki shi ne, gishirin alminiyam yana narkewa a cikin ɗan danshin da ke bakin maɓuɓɓugar, ya zama wani ɗan toshi mai kama da kamu, ya rufe hanyar. Toshin yana nan har sai fata ta sabunta kanta ta ture shi. Na yau da kullum, wanda ake samu a kowane kanti, shi ake fara gwadawa. In bai isa ba, sai a nemi mai ƙarfi a kantin magani, wato ruwan alminiyam kuloraid mai kashi 20 cikin ɗari, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Driclor da Anhydrol Forte da Drysol.

Sirrin yana ga lokacin shafawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fito daga wanka da safe, jiki da danshi, a shafa a saka riga a fita rana. Kafin toshin ya kafu gumi ya wanke shi. Da dare ake shafawa, lokacin da maɓuɓɓugan suka lafa. Ga yadda ake yi:

Na ɗaya, a yi wanka da yamma, a bari jiki ya huce. A lokacin bazara, a jira har dare ya raba zafi, sa'ad da aka fito tsakar gida aka hau angarib iska tana kaɗawa.

Na biyu, a goge hammata ta bushe ƙarau, a yi mata fifita da mafici in ta kama. Idan alminiyam kuloraid ya haɗu da ruwa yana zama abu mai ƙuna, kuma wannan shi ne dalilin raɗaɗin da ke sa mutane su watsar da magani mai kyau.

Na uku, a shafa kaɗan, sau ɗaya ko biyu, a inda gashi yake fitowa kawai. A bari ya bushe kafin a sauke hannu.

Na huɗu, a bar shi awa 6 zuwa 8, da asuba a wanke da sabulu. Wankan ba ya cire toshin, domin a cikin hanyar gumin yake.

Na biyar, a yi haka kowane dare har a ga sauƙi, wanda yawanci yakan bayyana a cikin mako ɗaya ko biyu. Daga nan sai a koma sau ɗaya ko sau biyu a mako.

Kada a shafa a kan rauni ko ƙurji ko maruru. Kada a shafa sai an samu kwana ɗaya ko biyu bayan aski ko cire gashi da halawa. Idan fata ta yi ja tana ƙaiƙayi, a huta kwana biyu ko uku, mai kantin magani yana iya ba da man haidurokotizon mai kashi 1 cikin ɗari na 'yan kwanaki. Amaryar da ke son amfana ta fara tun saura wata guda, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsoro biyu da ake yaɗawa

Wasu suna cewa toshe gumin hammata yana tara dafi a jiki ko ya jawo sankarar mama. Cibiyar binciken sankara ta ƙasar Amurka ta bayyana cewa babu hujjar kimiyya da ta tabbatar da alaƙa tsakanin waɗannan mayuka da sankarar mama. Tace dattin jini aikin ƙoda ne da hanta. Hammata kuma ɗan yanki ne ƙarami, sauran jiki yana ci gaba da gumi yana sanyaya kansa. Wanda aka ce ya nemi shawarar likita tukuna shi ne mai ciwon ƙoda mai tsanani, domin jikinsa ba ya iya fitar da alminiyam yadda ya kamata.

Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne dabarar rage shan ruwa don a rage gumi. Ba ta rage gumin hammata, amma tana iya jawo jiri da tsakuwar ƙoda da bugun zafin rana. A sha ruwa sosai, a sha zoɓo da tsamiya da kuka, wato karkade da aradeb da gongolez na mutanen Sudan.

Tufafi da abinci

Audugar da kakannin Hausawan Jazira suka yi shekaru suna tsinka ita ce tufar da ta fi dacewa da mai gumi. Jallabiya mai faɗi da tob na auduga suna barin iska ta ratsa. Yadin roba yana riƙe zafi, yana kuma riƙe wari ko bayan wanki. A saka 'yar shara ta auduga a ciki domin ta tsotse kafin ya kai rigar sama. Fari fat da baƙi da mai zane-zane sun fi ɓoye jiƙewa a kan ruwan toka da shuɗi mai haske. Rawayan tabon da ke fitowa a hammatar farar riga haɗuwar gumi ne da alminiyam, kuma shafawa da dare tana rage shi. A wanke rigar da wuri da ruwan sanyi, a shanya a rana.

Shatta mai yawa a kan agashe, da jabana mai citta, da shayi mai zafi, duk suna tayar da gumi ga wanda ya riga yana da larurar. Ba a ce a bari ba, a dai rage a ranar da za a shiga taro. Ta ɓangaren wari kuwa, tafarnuwa da ɗanyar albasa suna fita ta fata. Haka nan hulba, wadda mata suke sha don ƙarin nono ko ƙiba, tana ba gumi wani wari na daban da ke ɗaukar kwanaki. Da yawa suna ta sauya turare alhali maganin yana cikin kofin da suke sha.

Cire gashin hammata yana cikin sunnonin fiɗira, kuma an iyakance kada ya wuce kwana arba'in. Likitanci ya yarda da hikimar, domin gashi ne matattarar bakteriya. Idan aka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle rawaya sun manne wa gashin, ko fatar ta yi jaja-jaja mai duhu tana saɓa, bakteriya ce ta yi gida, kuma maganinta mai sauƙi ne a asibiti. Ga masu waswasi kuma, malaman fiƙihu sun tabbatar cewa gumin ɗan Adam mai tsarki ne, ba ya warware alwala, ba ya ɓata tufar salla. Mai harama da Hajji ko Umara ya nemi marar ƙamshi tun daga gida.

Idan na shafawa bai yi ba

Bayan an yi wata guda ana bin ƙa'ida ba a ga sauƙi ba, likitan fata yana da sauran matakai. Akwai ƙwayoyin sha irin su oksibutinin da gilaikopirolet, masu rage gumin jiki gaba ɗaya. Suna busar da baki, suna kawo taurin bayan gida da wahalar fitsari, kuma ba su dace da mai hawan ruwan ido ba. A gari mai zafin Damazin haɗarinsu ya fi girma, domin manomin da jikinsa ya kasa gumi a gona yana iya faɗuwa, balle a ce yana azumi. Kada kowa ya saye su da kansa.

Akwai allurar Botox, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita don gumin hammata a 2004. Tana katse umarnin jijiya na wajen wata 6, sa'annan a sake. A 2011 aka amince da na'urar miraDry mai ƙona maɓuɓɓugan da zafi, a 2018 aka fito da ƙyallen gogewa mai suna Qbrexza, a 2024 kuma man Sofdra. Duk waɗannan masu tsada ne, kuma sai a manyan birane. Tiyatar yanke jijiya a ƙirji ita ce matakin ƙarshe, kuma da yawan waɗanda aka yi wa sukan koma gumi mai yawa a baya da ciki da cinyoyi, abin da ba ya gyaruwa. Don haka ba a gaggawar zuwa gare ta saboda hammata.

Mun san halin da 'yan'uwanmu na can suka shiga. Rikicin 2022 ya raba dubban Hausawan Nilul Azraƙ da gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya durƙusar da masana'antun magani na Khartum, ya shiga Wad Madani a Disamban wannan shekarar, ya kai Sinja a 2024, har hanyar Damazin ta yanke na tsawon watanni. Wanda yake neman maganin zazzaɓi bai samu ba, ba za a yi masa maganar Botox ba. Amma sabulu da alif da reza mai tsafta da rigar auduga, da kwalba guda mai alminiyam da za ta yi watanni idan an shafa ta bisa ƙa'ida, waɗannan suna kusa da hannun talaka. Masu aika wa dangi saƙo daga Saudiyya ko Masar ko Nijeriya suna iya sanya kwalba ɗaya a cikin kaya, ba ta da nauyi.

Kira ga iyaye

Larurar tana farawa ne a shekarun da yaro ya fi kowa jin kunya. Uwa ita ce ta fi kusa da lura: rigar da ake ɓoyewa a ƙasan kayan wanki, ɗiyar da ba ta cire mayafi ko a cikin ɗaki, ɗan da yake sauya riga sau uku a yini. Kada a yi masa gori a gaban ƙannensa, kada a laƙaba masa suna. A ja shi gefe a ce, "Ɗana, wannan abu yana da magani, zo mu gwada." Miji ma ya yi wa matarsa uzuri, mata ta yi wa mijinta, a faɗi gaskiya cikin taushi maimakon a yi ta ƙaurace wa juna ba a san dalili ba. A tambayi abu uku: jiƙewa ce ko wari? Yana tsayawa da barci ko da dare yake zuwa? Akwai zazzaɓi ko tari ko rama? Amsar waɗannan ita za ta nuna ko kanti za a nufa ko asibiti.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci. Amin.